Ƙafar Kawu Ba Ta Kai Birki

Wani mafarki na yi a barcin jiya, kuma ga yadda ya kasance.

Na tsinci kaina da rana tsaka a wani gari da aka gina a kan gangare. Titi ɗaya ne tak a garin, ya miƙe daga sama zuwa ƙasa kamar zariyar wando. A can rana ce mai sanyi, inuwa ke ƙuna, saboda haka dattawa duk sun ja tabarminsu sun fito fili a bakin titi, sun bar gindin bishiyoyi ga masu laifi. Ban yi mamaki ba. Na san dai sauri nake yi, amma ban san dalili ba sai da na ga motar.

Jar mota ce tsohuwa, irin ta tsere da aka yi yayi a zamanin kakanninmu. Ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci, babu rufi, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Nan take na gane ta. Motar kakana ce, wadda a farke ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Injinta a kashe yake, amma tafiya take yi. A hankali take gangarawa, irin tafiyar da tsohuwa mai sanda za ta wuce ta, tayoyin suna ɗan kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba.

A kujerar direba Kawu Tanimu ne, yayan mahaifiyata, da babbar riga da hula, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Kujerar ta lotsa, ta zame can baya, soson cikinta ya mutu, har Kawu ya nutse, idanunsa ne kawai ke leƙowa ta saman sitiyarin. A gefensa Inna ce, mahaifiyata, da faranti a cinya tana tsintar wake.

Na bi gefen motar da ƙafa, na ɗaga kai na dubi ƙarshen titin. Kwazazzabo ne a can, mai zurfi, baƙi ƙirin. Inda ya kamata gada ta kasance babu komai sai wani allo a kan sanda. Duk da nisan na karanta abin da aka rubuta: GADA TA TAFI HUTU.

Na ƙirga falwayoyin wuta da ke tsakaninmu da wurin. Goma sha biyu ne.

"Kawu, taka birki," na ce.

"Ai takawa nake yi, Jazuli."

Na leƙa ƙasa. Iska yake takawa. Tsakanin tafin ƙafarsa da birkin akwai taƙi guda cif.

"Ƙafarka ba ta kai ba, Kawu."

"Ba ta taɓa kaiwa ba," ya ce, yana murmushi. "Ta kakanka ma haka. Kuma ka ga mun mutu?"

"Kakana ya mutu."

"Ba a mota ba."

Na zagaya ɗaya gefen na kama ƙofar Inna. "Inna, don Allah ki sauko."

Inna ba ta kama sunana, ni ne ɗan farinta, kuma ko a mafarki ba ta manta ba. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, ka cika gaggawa. In na sauka cewa za a yi ban yarda da tuƙin Yaya ba. Da wane ido zan dubi matarsa?" Ta tsinci tsakuwa a cikin waken ta jefar. Tsakuwar ta yi sama, ba ta dawo ba.

Na ruga bakin titi na ɗauko wani ƙaton dutse, na ajiye a gaban tayar gaba. Da tayar ta iso sai dutsen ya matsa gefe ya ba ta hanya.

"Ta girme ni," in ji dutsen.

Falwaya ta farko ta wuce.

Sai wani mutum ya sulalo daga ƙarƙashin motar a kan tabarma, da sifana a bayan kunne. Sallau ne, bakaniken gidanmu. Ashe tun ɗazu yana kwance a can, tabarmar tana tafiya da shi daidai da tafiyar motar.

"Birkin hannu fa, Malam Sallau?"

"An ara wa maƙwabta tun bara. Suna da biki."

"To me za a yi?"

"Birkin ƙafa lafiyarsa lau, ni na sa shi da hannuna," in ji Sallau. "Matsalar kujera ce. Ƙarfen da take zamewa a kai ya ci tsatsa, ba ta gaba ba ta baya. Sai dai a cire ta a sa wata. Rami huɗu, noti huɗu, aikin minti goma."

"To mu canza kujerar mana!"

Da ƙarfi na faɗa, kuma dattawan bakin titi suka ji. Maganar ta bi tabarmi tana gangarawa, ta fi motar sauri. Ina jin su: "Yaron nan kujera yake nema." "Kujera? Da wannan shekarun?" "Ɗan wane ne?"

Sallau ya rage murya. "Ba a taɓa kujera a garin nan sai da takarda."

Sai ga ni a ofis.

Ofishin Kujeru da Harkokin Zama aka rubuta a ƙofa. A bayan tebur wata hawainiya ce da tabarau da mayafi. Ido ɗaya ta ɗora mini, ɗayan yana kallon agogon bango, wanda ba shi da hannu ko ɗaya.

"Hajiya, takardar canza kujera nake so. Da gaggawa."

"Wacce kake nema? Ta kansila, ta ciyaman, ko ta Makka?"

"Ta mota."

Ta buɗe wani babban littafi ta bi shi da yatsa har ƙasa. "Ba mu da wannan mazaɓar. Wa ke kan kujerar yanzu?"

"Kawuna."

Ta yi ja tun daga wutsiya har mayafi. "Kawunka za ka kayar? Kai, yaran yanzu!"

"Ba kayar da shi zan yi ba, Hajiya. Matso da shi gaba zan yi taƙi guda, ƙafarsa ta kai birki."

"Duk haka suke cewa da farko."

"Mahaifiyata tana cikin motar. Babu gada."

"Gada za ta dawo ranar Litinin."

"Motar za ta isa kafin la'asar!"

"To sai motar ta yi haƙuri," ta ce, ta koma kore.

Na yi mata bayani da lissafi. Na ce falwaya goma sha biyu ce, tsakanin kowace biyu taku hamsin, ga saurin motar, ga abin da ya rage. Ta saurara har ƙarshe, ta yaba da karatuna, ta tambaye ni inda na yi shi. Daga nan ta ɗauki hatimi. Hannunta ya yi gaba kaɗan, ya tsaya, ya dawo baya, ya yi lilo, ya sake yin gaba. Ta taga ina hango jar motar tana wuce falwaya ta huɗu, farin farantin Inna yana ƙyalli. Babu abin da ke ƙona mini rai a duniya irin mutumin da ya yarda da kai ɗari bisa ɗari amma bai motsa ba. Na kama hannun nata na danna hatimin a kan takardar.

"Za a kafa kwamiti a kan abin da ka yi," ta ce. "Kujera uku aka yarda ka gwada. Ta huɗu juyin mulki ce."

Sai ga ni a titi ina gudu da kujerar aski a ka.

Sallau ya karɓi takardar ya goge hannu da ita, ya shiga aiki yana tafiya a tsugune. Noti huɗu suka fito, kowanne da ƙararsa. Ya kama tsohuwar kujerar ya zare ta daga ƙarƙashin Kawu kamar mai zare tabarma. Kawu bai faɗi ba. Ya ci gaba da zama a kan iska, a nan dai inda yake, da irin lotsawar da ya saba. A gurbin kujerar muka tarar da ɓawon goro, da wata wasiƙa da ba a taɓa aikawa ba, da kaza tana kwanci a kan ƙwai tara. Ta dube mu sau ɗaya ta kau da kai.

Muka cusa kujerar askin a ƙarƙashinsa. Ramuka uku suka dace. Na huɗun ya gudu. Ina kallonsa yana bin ƙasan motar kamar cinnaka, sai da Sallau ya take shi da dunduniya sannan ya tsaya aka sa masa noti.

Kujerar ta ɗaga Kawu sama, na ji daɗi. Sannan ta juya da shi a hankali har ya ba sitiyari baya, ya fuskanci inda muka fito.

"Alhamdulillahi," in ji Kawu. "Ka ga hanya shimfiɗe lafiya lau. Ina kwazazzabon da kake ta faɗa?"

"Yana bayanka, Kawu."

"To abin da ke bayana ai ya wuce. Sallau, ɗan rage mini ƙeya."

Falwaya ta shida.

Muka kwance ta. Ban san inda na samo ta biyu ba, na dai gan ta a hannuna. Baƙar kujerar ofis ce irin ta manya, mai fata, mai dogon baya da ya wuce kan mutum. Ita ramukanta da kansu suka nemi na motar, noti suka ɗaure kansu, kamar dama can jira take. Kawu na jin ta a jikinsa ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya miƙa hannu ɗaya ga dattawan bakin titi.

"Jama'a, ina mai tabbatar muku cewa nan ba da jimawa ba za a taka birki."

Aka yi tafi.

"An kammala duk shirye-shirye. Abin da ya rage kawai shi ne takawa."

Aka sake tafi. Ciki ya fara fito masa, yana girma, yana tokare sitiyari, yana tura shi baya. Taƙi guda ya zama taƙi biyu. Kafin ya kai ƙarshen jimla ta uku ya yi barci, bakinsa a buɗe.

"Ta karɓe shi," in ji Inna.

Da ƙyar muka cire wannan. Sallau yana kwance noti ɗaya, ɗayan yana ɗaure kansa. Sai da na sa gwiwa na danne biyu, ya bi sauran da guduma. Da muka jefar da ita bakin titi, mutum bakwai suka tashi daga tabarminsu suka yi kanta.

Falwaya ta tara. Yanzu ina jin iskar kwazazzabon, mai sanyi, mai warin tsohuwar rijiya. Saura kujera ɗaya, kuma hannuna babu komai.

"Ungo wannan, in za ta yi maka," in ji Inna. Ta sunkuya ta zaro daga ƙarƙashin ƙafarta 'yar kujerar katako ta tsugunno, wadda take zama a kai a bakin murhu. Gefenta ɗaya ya yi baƙi da hayaƙi.

Sallau ya juya ta, ya duba ƙasanta. Ramuka huɗu ne a jikinta. Ya ɗora ta a gaban inda Kawu ke zaune a iska, dab da sitiyari, ramukan suka hau kan na motar kamar tare aka haife su. Ya ɗaure, ya girgiza ta, ko motsi. Na auna da hannuna. Duk wanda ya zauna a kanta, ko yaro ne, ƙafarsa za ta kai birki har da saura.

"Kawu, an gama. Matso gaba kaɗan ka hau."

Kawu ya farka ya dubi kujerar, ya dubi Inna, ya dube ni.

"Wannan ai ta mata ce."

"Ta kai birki, Kawu."

"Ni Tanimu, da gemuna, a tsakiyar gari, a kan kujerar tuƙa tuwo? Gobe a ce me?"

"Babu gobe in ba ka hau ba!"

"Ka ji shi ko, Turai?" ya ce wa Inna. "Haka ake koya musu yanzu."

"Sai haƙuri, Yaya. Tun yana ƙarami haka yake, ko nono da sauri yake sha."

Falwaya ta goma ta zo daidai kafaɗata. Na roƙe shi. Na ce zan rufa wa kujerar rawani kada a gane ta. Na ce zan tsaya in kare shi daga idon mutane. Na ce minti ɗaya kawai, ya taka, motar ta tsaya, sannan ya koma iskarsa ya zauna har tashin duniya. Yana ta gyaɗa kai yana cewa na yi magana mai hankali, za a duba. Sai na buga ƙofar motar da tafin hannu.

"Kawu, tashi! Na ce tashi!"

Garin ya yi tsit. Wani tsoho a bakin titi ya saki carbinsa. Inna ta rufe baki da gefen mayafi. A garin nan, kamar a namu, ƙarami ba ya ce wa babba tashi.

Kawu bai tashi ba. Motar ce ta tashi.

Injin ya yi tari sau biyu, ya yi atishawa, sannan ya ɗauka da wani irin ruri da ya sa falwayoyi rawa. Baƙin hayaƙi ya fito ta baya. Kazar ta yi tsalle ta bar ƙwanta.

"Allahu Akbar!" in ji Sallau, yana tafi. "Shekara arba'in ina fama da ita ta tashi. Ashe magana take jira!"

"Kashe ta!"

"Da me? Ba ta da mukulli. Kai ka tashe ta."

Ta zabura. Tabarmar Sallau ta tsaya a baya. Na bi ta da gudu ina ihu ta tsaya, ta kwanta, ta zauna, duk kalmar da ta zo bakina, amma ruri ya hana ta ji. Wake yana tashi daga farantin Inna yana watsuwa. Babbar rigar Kawu ta cika da iska. Falwaya ta goma sha ɗaya ta wuce kamar an ja layi. Na kama bayan motar, ta ja ni, takalmana suka fita, na haye, na taka kafaɗar Kawu, na faɗa da ka cikin ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Gwiwoyina suka bugi ƙarfe. Na lalubi birkin na danna shi da hannu biyu, da ƙirji, da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Tayoyi suka yi kururuwa. Komai ya tsaya.

Ta wata 'yar huda a ƙasan motar na leƙa. Babu titi a ƙarƙashina, sai baƙi. Tayoyin gaba suna kan leɓen kwazazzabon, dogon hancin motar yana shawagi a kan fanko. Injin bai mutu ba. Ina jin motar tana ja, tana turo birkin cikin tafin hannuna kamar ɗan maraƙin da ke son ƙwacewa.

"Inna, sauka! Kawu, ku sauka yanzu! Na riƙe ta!"

Kawu ya leƙo ƙasa ya gan ni durƙushe a gaban ƙafafunsa, kaina a sunkuye. Fuskarsa ta yi laushi.

"Yawwa, ɗan albarka. Yanzu ka yi gaisuwa. Na yafe maka. Ina wuni? Ya gajiya? Ya karatu?"

"Kawu, hannuna zai gaji!"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya mutanen gida?"

Na ji takun jama'a. Dattawan sun naɗe tabarminsu sun gangaro, sun kewaye motar suna leƙe. Wani ya ce, "Ka ga an gyara." Wani ya ce, "Dama na faɗa, ba a gaggawa." Sallau ya iso yana haki, da tsohuwar kujerar a ka. Ya kwance kujerar Inna ya miƙa mata, ya mayar da lotsattsiyar a ƙarƙashin Kawu, ya fara ɗaure noti yana 'yar waƙa.

"Malam Sallau, me kake yi?"

"Mayar da ita nake yi. Ai ba sai an canza ba kuma. Birki ya samu mutum."

"Na ɗan lokaci ne! Riƙewa kawai na yi su sauka!"

"Haka ake farawa," ya ce. Ya ɗaure na huɗu ya mayar da sifana bayan kunne.

Gumi yana shiga mini ido, ba ni da hannun sharewa. Inna ta tattara sauran waken da ya rage a cinyarta ta ci gaba da tsinta, tana tambayar wata mata ko ta ga inda kazar ta yi.

Sai jama'a suka yi layi. Ɗaya bayan ɗaya suke sunkuyowa ta saman ƙofa suna yi mini murna, kamar yadda ake yi wa wanda aka naɗa.

"Allah ya taya ka riƙo."

"Allah ya taya riƙo, Jazuli."

"Yaro da ƙuruciyarsa. Allah ya taya riƙo."

Ina amsa amin, don ban ga abin da ya fi wannan addu'a dacewa da ni ba. Yatsuna sun daina jin komai. Birkin ya ɗan ɗago, kamar faɗin ƙwayar gero, motar ta yi gaba daidai haka, ƙasa ta zubo daga leɓen kwazazzabon, ban ji saukarta ba. Na ƙara dannawa.

Da layin ya ƙare, Kawu ya gyara zama, ya share hannunsa na dama a jikin riga, ya miƙo mini shi har gaban fuskata.

"Kawo hannu, ɗana. Ni ne na ƙarshe."

Na dubi hannun. Na dubi nawa guda biyu a kan birki. Jama'a suna jira. Hannun Kawu yana nan a miƙe, da zoben azurfa, ba ya rawa, ba ya gaggawa.

"Kai wannan," in ji Inna a hankali, ba ta ɗago daga farantin ba. "Yaya yana miƙo maka hannu. Kada ka kunyata ni."

Rurin injin ya ƙaru, ya canza murya, ya koma wani dogon gurnani mai karkarwa da na sani.

Injin markaɗen maƙwabtanmu ne. Gari ya waye, rana ta shigo ta taga, wata mata a waje tana cewa a ƙara wa nata ruwa. Ina kife a bakin gado, gwiwoyina a kan siminti, hannuna biyu sun danne filo a jikin bango. Na san filo ne. Na gan shi da idona. Duk da haka sai da aka gama markaɗa wa mutum uku, aka kashe injin, sannan na fara ɗaga hannu ɗaya, a hankali, ina saurare.